Darasi: Kitse da Hantar Dabba a Kan Hanya

'Yan'uwa fatake, darasinmu na wannan fitowa a kan saniya mai ƙiba ne, wadda sau da yawa ita ke fara kwantawa a mota tsakanin Maraɗi da Legas. Mukan ce zafi ne ko matsi. Akwai su, amma akwai wani dalili a hanta.

Hanta ita ce rumbun sukarin jiki. Saniya ba ta samun sukari sosai daga hanjinta kamar mutum. Abin da ciyawa da dusa suka narke suka zama a tumbi, shi hanta ke juyawa ya koma sukari, ta ba jini, ta ajiye saura. Wannan ajiya ita likitoci ke kira gilaikojin. Ba ta da yawa, yunwar kwana ɗaya ko biyu kan cinye mafi yawanta.

To, da dabba ta daina ci, sai kitsen jikinta ya fara narkewa yana bin jini zuwa hanta. Hantar shanu da tumaki kuwa ba ta iya fitar da kitse da sauri. In dabbar mai ƙiba ce, sai ya zo da yawa ya taru. Yawansa yana dushe aikin insulin, wato sinadarin da ke sa hanta ta ajiye sukari, yana kuma rage mata ƙarfin haɗa sabo. Ka ga ke nan, ga jiki cike da kitse, ga rumbu wayam.

Alamominsa su ne ƙin ci, da kasala, da numfashi mai warin maganin goge jan farce, sai kwanciya. In an yanka, mahauci zai ga hanta ta kumbura, ta yi rawaya-rawaya, tana barin maiƙo a wuƙa. Haɗarin ya fi yawa ga saniya mai tsohon ciki ko sabuwar haihuwa, da tunkiya mai cikin tagwaye.

Saboda haka:

1. Kada a ɗora mai ƙiba da tsohon ciki a doguwar tafiya, komai kyan farashi.
2. A ɗauki harawa, don jiran takardu a iyaka yakan kai kwana.
3. Ko'ina aka tsaya a ba da ruwa da abinci.
4. Wadda ta ƙi ci yini guda, a nemi likitan dabbobi. Akwai ruwan sukari da yake sawa ta jijiya, kuma da wuri ya fi amfani.

Ƙibar da ta sa ka ƙara kuɗi a kara, ita ce kuma ta fi bukatar kulawa har a sauke kaya.