KIWON KIFI A GIDA: DARASI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU A ƘASAR BIRNIN KUDU DA GWARAM

Alhazan da suka sami zarafin yawo a Jidda sukan komo da labarin kifaye masu launi iri iri, waɗanda a ke ajiyewa cikin akwatunan gilashi cike da ruwan Bahar Maliya. Wannan dabara ta daɗe, gama tun cikin 1853 aka buɗe gidan kallon kifi a gidan namun daji na London. Yanzu kuwa har a ƙauyuka a kan sami mai son ajiye kifi a gidansa, wani don sha'awa, wani don ciniki. Da yawa sukan zuba kuɗinsu, kafin wata guda kifin ya mutu ƙaf. An shirya wannan darasi domin Hakimi da malaminsa su san abin da za su faɗa wa irin wannan mutum tun bai haƙa rami ba.

1. Ruwan teku da ruwan kogi

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Jikin kifin teku ya saba da wannan, in aka sa shi cikin ruwan rijiya ba zai daɗe ba. Gishirin miya kuwa ba ya mai da ruwan rijiya ya zama na teku, domin akwai waɗansu ma'adinai cikin teku da babu su cikinsa. Mai akwatin kifin teku tilas ya sayi gishiri na musamman, da ma'aunin gishiri, da injin da zai riƙa motsa ruwa dare da rana. In ruwa ya ragu saboda zafi, da ruwa mara gishiri zai cika, gama ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. In wuta ta ɗauke yini guda, ana iya hasarar kome. Saboda haka wannan kiwo bai dace da mai farawa a ƙasar da ke nesa da teku ba. Amma akwai darasi guda da za a ɗauka daga gare shi, watau mai kiwon kifi ruwa ya ke fara kiwo.

2. Dalilin da sabon ruwa ke kashe kifi

Kifi yana fid da ƙazanta cikin ruwan da ya ke zaune. Wannan ƙazanta, da ragowar abincin da ya ruɓe, su ke zama wata guba da a ke kira amoniya. Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama jikin tsakuwa da laka, su ne ke sāke wannan guba har ta zama abin da ba ya cuta ƙwarai. Cikin sabon akwati sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Wanda ya cika sabon wuri da kifi ran da ya gama shi ya tara masu ƙazanta ke nan ba mai shara. A fara da kifi kaɗan, sa'an nan a ƙara sannu sannu.

3. Irin kifin da ya dace

An daɗe ana gwajin kiwon kifi a Arewa. Cikin 1951 aka soma gonar kifi ta Panyam, a Filato. Iri biyu ne suka fi dacewa da mai farawa. Na fari tarwaɗa, domin tana iya shaƙar iska daga sama, tana kuwa jure ruwan da wani kifi ba ya jurewa. Aibinta babba yakan cinye ƙarami. Na biyu karfasa, wadda ke cin gansakuka da dussa, ba ta da tsadar ciyarwa. Uwar takan riƙe ƙwanta cikin baki har su ƙyanƙyashe, don haka takan yi yawa ta cika tafki da ƙanana marasa girma. Maganin wannan a saka 'yan tarwaɗa kaɗan su riƙa rage 'ya'yan.

4. Zaɓen wuri

Tudun ƙasar nan jigawa ne da duwatsu, ba ya riƙe ruwa. Fadama mai yumɓu ta fi. Ga yadda a ke gwadawa: a jiƙa ƙasar, a dunƙula kamar curin fura, a jefa sama a cafe. In ta tsaya ba ta watse ba, za ta riƙe ruwa. Har wa yau a haƙa rami zuwa ƙugu, a cika da ruwa, a duba washegari a ga abin da ya rage.

Kada a haƙa inda kogi ke malalowa da damina. Ambaliyar 2022 ta yi ɓarna mai yawa a Jihar Jigawa, dattawan kowane gari kuwa sun san iyakar da ruwa ke kaiwa. A tambaye su. Zurfin tafki ya zama ƙafa uku a gefe guda, ƙafa biyar a ɗaya gefen, a kuma yi masa mafitar ruwa. Wanda ba shi da fadama yana iya gina kwatami na siminti cikin gida, amma sabon siminti yana da kaifi mai kashe kifi. A cika shi da ruwa, a bari ya kwana biyu, a zubar, a yi ta maimaitawa har mako biyu.

5. Zuba kifi

Ruwan famfo da aka sa wa maganin kulorin sai a bar shi a buɗe kwana biyu tukuna. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da isasshiyar iska, a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. A ɗauko 'ya'yan kifi da sassafe, daga wurin da malamin gona ya sani. In an iso, a ɗora mazubinsu bisa ruwan tafkin kamar minti 20, a riƙa zuba masa ruwan tafkin kaɗan kaɗan, har sanyin ruwan biyu ya zama ɗaya, sa'an nan a karkata shi su fita da kansu. Cikin tafkin ƙasa, mai farawa kada ya wuce tarwaɗa biyar a filin da ke da yadi ɗaya tsawo, yadi ɗaya faɗi.

6. Aikin kullum

A ba da abinci sau biyu, safe da yamma, a wuri guda, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti 15. Yawan abinci ya fi yunwa kisa. Da hunturu kifi yakan rage ci, gama tarwaɗa ta fi girma cikin ruwa mai ɗumi, sai a rage mata abinci.

Gansakuka yana ba ruwa iska da rana, da dare kuwa shi ma sha ya ke yi. Don haka da asuba ne iska ta fi ƙaranci. Mai kifi ya leƙa tafkinsa bayan sallar asuba. In ya tarar da karfasa sun taso suna haki, ko ruwan yana wari, ya dakatar da abinci, ya zubar da sulusin ruwan, ya cika da sabo. Ya kuma tsoma hannu har gwiwar hannu: in tafin ya ɓace tun bai kai nan ba, ruwan ya yi kauri.

Kowane mako biyu, muddar suna ƙanana, a ware manyan tarwaɗa daga ƙanana. A yi shinge saboda tsari da kwaɗi, a shimfiɗa raga saboda zalɓe. Kada a wanke tukunyar feshin wake ko shinkafa kusa da tafki. Tarwaɗar da ta sami kulawa takan isa sayarwa cikin wata biyar ko shida.

7. Abin da ke wuyan Hakimi da malaminsa

Tafki yana taɓa lafiyar gari duka. Yaro na iya faɗawa ciki, saboda haka kowane tafki a kewaye shi, a sa masa ƙofa. Ƙananan katantanwa na ruwa su ke ɗauke da tsutsar tsargiya, sai a share ciyawar gefe, a hana wanka da fitsari a ciki. Ruwan da aka zubar daga tafki taki ne ga lambu, amma in aka sake shi bisa hanya ko kusa da rijiya, sauro da rigima ya ke jawowa.

Kamata ya yi Hakimi ya umurci dagatai da masu unguwa su sanar da shi kafin a haƙa sabon tafki, musamman inda ya ke kusa da burtali ko mashayar dabbobi. Malami kuwa ya buɗe littafi, ya rubuta sunan mai tafki, da wurin, da girmansa, da ranar zuba kifi, da yawansu, da inda aka sayo su. In kifi ya mutu da yawa, a rubuta ranar, a aika wa malamin gona nan da nan. Da wannan littafi za a gane wurin da ya karɓi kiwo da wanda bai karɓa ba, mai zuwa baya kuma ba zai faɗa ramin da na gaba ya faɗa ba.

Tambayoyi

1. Don me ba a cika sabon tafki da kifi ran da aka gama shi?
2. Yaya a ke gwada ƙasa a san ko za ta riƙe ruwa?
3. Wane lokaci ne iska ta fi ƙaranci cikin tafki, kuma mene ne dalili?
4. Waɗanne abubuwa shida malami zai rubuta cikin littafinsa?