Yadda A Ke Yi Wa Motar Kara Ƙafafu Bisa Ma'auni

Bayan girbi hakimi ya kan ga yara a ƙofar gida suna haɗa motar kara, watakila ya ɗauka wasan banza ne. Alhali kuwa a cikin 1887, a birnin Belfast, wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya ɗaura robar da ya hura wa iska a jikin faifan katako don ya gyara keken ɗansa. A 1888 aka ba shi takardar mallakar wannan dabara.

Abin da ya fi ɓata motar yara shi ne ƙafafu, gama da ido su ke auna su. Ga yadda ya kamata a koya musu.

Da fari a zaɓi ma'auni, misali inci 1 ya tsaya a madadin inci 20. Tayar babbar mota mai lamba 9.00-20, tsayinta daga ƙasa zuwa sama wajen inci 40 ne. Saboda haka ƙafar ƙaramar ta zama inci 2, kaurinta kuwa kamar rabin inci.

Sa'an nan a samo katako mai laushi. A fara ɗiga tsakiya tukuna, a kafa ƙusa, a ɗaura zare mai tsawon inci 1, a zana da'ira. Wanda ya yanka kafin ya nemi tsakiya, lalle motarsa za ta yi ɗingishi.

A yanka guda 6, biyu gaba, huɗu baya, kamar yadda su ke a babbar mota. A jera su a kan ƙusa ɗaya, a goge su tare da zarto har bakinsu ya daidaita.

Daga ƙarshe a datsa tsohuwar robar cikin tayar keke zobe-zobe, a ja kowane zobe a sa wa ƙafa ɗaya. Ita ce taya. Aikin wuƙa kuwa sai a gaban babba.

Yaron da ya iya wannan ya koyi rabawa da awo, su ne kuwa tushen aikin kafinta da makanike. Ana roƙon hakimai su sa malamansu su karanta wa dagatai da malaman makaranta wannan takarda, kada a kori yaro daga aikin hannunsa.