Darasi: Yadda Ake Kai wa Kamfanin Ƙarfe Kayan Aiki

Darasinmu na wannan wata a kan ƙarfe yake, da kuma jirgin ƙasa. Ku ɗauko takarda da fensiri, domin akwai ɗan lissafi a ciki.

Ku tambayi wani tsohon maƙeri a Birnin Kudu ko Gwaram yadda kakanninsa suke samun ƙarfe. Zai ce muku tama suke haƙowa, su narka ta da gawayi. Kafin a hura wuta, sai an yi kwanaki ana jigilar tama da gawayi a kan jakuna. Idan kaya suka yanke, aiki ya tsaya. To, haka babban kamfanin ƙarfe yake. Sai dai nasa kayan sun fi ƙarfin jaki, sun ma fi ƙarfin mota.

A shekarar 1979 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet domin gina kamfanin ƙarfe a Ajakuta, bakin kogin Kwara, a cikin Jihar Kogi ta yanzu. An shirya ya fara da tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara. Daga nan a faɗaɗa shi zuwa miliyan 2.6, sannan miliyan 5.2. Tan ɗaya kilo 1,000 ne, wato buhu goma na masara mai kilo ɗari-ɗari.

Tukunyar narka ƙarfe tana cin abu uku: tama, da kwal, da dutsen farar ƙasa. Tamar tana dutsen Itakpe, kimanin kilomita 50 daga Ajakuta. Ba ta da ƙarfe sosai, sai an niƙa ta an tace kafin a aika. Kwal ɗin Inugu kuwa bai dace da wannan tukunya ba, don haka yawancin kwal sai an sayo daga waje, a sauke a tashar jiragen ruwa. Kuma tukunyar nan, idan aka hura ta, ba a kashe ta dare da rana har shekaru. In ta huce da ƙarfe a ciki, ɓarnar ba ƙarama ba ce. Shi ya sa ake tara kayan makonni a ajiye, kamar yadda manomi yake cika rumbu.

Yanzu ga lissafin. A matakin farko kawai, an tsara Itakpe ta riƙa aika wa Ajakuta tatacciyar tama tan 2,150,000 kowace shekara. Idan muka raba da kwana 365, za mu sami kusan tan 5,900 a rana. A ce tirela ɗaya tana ɗaukar tan 30. Ke nan ana bukatar sawun tirela kusan 200 kullum, ba Juma'a ba Sallah. Duk wanda ya ga yadda manyan motoci suke farfasa kwalta ya san ba hanyar da za ta jure wannan.

Mu ɗauki jirgin ƙasa mai tarago 30, kowane tarago tan 60. Sawu ɗaya ya kwashe tan 1,800, aikin tirela 60 ke nan. Sawu uku zuwa huɗu a rana sun wadatar. Amma mai tsara aikin ba zai tsaya nan ba. Sai ya lissafa awa nawa lodi yake ci, awa nawa saukewa, da inda jirage biyu za su kauce wa juna in layin ɗaya ne. Sai ya ware taragu na ko-ta-kwana saboda waɗanda suke wurin gyara. In an ninka kamfani kuwa, dole a ninka wannan duka tun kafin a hura sabuwar tukunya.

A nan ne, a ganina, muka yi sake. An fara layin dogo na Itakpe zuwa Ajakuta zuwa Warri a 1987, amma sai a 2020 aka buɗe shi gaba ɗaya. Shekara 33 ke nan. Kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, wanda ya fara aiki a 1982, an gina shi a garin da babu layin dogo. A wancan lokaci, sandunan ƙarfen da yake mulmulawa ya yi rodi, a mota ake kawo su tun daga Aladja, kusa da Warri. Kuɗin motar nan a kan mai sayen rodi yake ƙarewa. Ajakuta kuwa, har zuwa 2024 ba a taɓa hura babbar tukunyarta ba, kuma rashin hanyar kawo kaya yana cikin dalilan.

Akwai wata matsalar. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911, da reshensa da ya bi ta Ringim da Malam Madori zuwa Nguru, matsattse ne. Na Itakpe ya fi shi faɗi. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, mai reshe zuwa Dutse, irin mai faɗin ne.

Aikin gida: idan tama ta ninka ta koma tan 11,800 a rana, sawun tirela nawa ake bukata? Sawun jirgi nawa? Ku kai wa malaminku amsa a aji na gaba.