Yadda ake ɗaukar dutse da ciyawar gabansa su fito tar a hoto guda

A ce kana tsaye a bakin gona a wajen Zariya, Dutsen Kufena yana can gabanka, ga kuma ciyawar damina dab da ƙafarka, kana son su shiga hoto guda. Mai koyo yakan saita kyamara a kan dutsen, tunda shi ya zo ɗauka. Sai ya koma gida ya buɗe a kwamfuta ya tarar dutsen ya fito garau, ciyawar kuwa dishi-dishi, kamar an shafa wa gilashin mai.

Kyamara wuri ɗaya tak take saitawa daidai. Sai dai gaba da bayan wurin akwai tazarar da ido ke gani garau, kuma aikinka duka shi ne ka faɗaɗa wannan tazarar har ta haɗiye ciyawar da dutsen.

Fara da kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku, ka bar ISO a 100. Sa gilashi mai faɗin gani, kamar na milimita 24, domin tazararsa ta fi ta mai janyo nesa zurfi. Daga nan ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11. Lambar tana hawa, ƙofar tana tsukewa, zurfin yana ƙaruwa. Za ka ji sha'awar zarcewa f/22, musamman idan ka ji labarin su Ansel Adams da Edward Weston, waɗanda suka kafa ƙungiya a Kalifoniya a 1932 suka raɗa mata suna f/64. Su da manyan kyamarorin akwati suke aiki. A irin namu, idan ƙofar ta yi ƙanƙanta ainun haske yakan watsu a gefenta, hoton duka ya yi laushi.

Saura inda za a saita. Ba kan dutsen ba. Auna da ido nisan abu mafi kusa da kake son ya fito, ka ninka shi biyu, ka saita a nan. Idan ciyawar tana mita ɗaya daga gare ka, nemi wani tsiro ko tsakuwa a mita biyu. Ga dalili: a kyamara mai sensa girman tsohon fim na milimita 35, gilashin 24 a f/11 idan aka saita shi a kusan mita 1.8, komai daga santimita 90 har iyakar ganin ido zai fito. A f/8 wurin yakan koma mita 2.4. Da gilashin 50 a f/11 kuwa sai ka kai mita 7.6, abin da ke ƙasa da mita 3.8 ya tafi ke nan. Ni nakan ɗan ƙara nisa a kan lissafin, don gara ciyawa ta ɗan yi laushi da a ce dutsen ne ya yi.

Kashe saitin da kyamara ke yi da kanta. Kunna allon baya, ka zuƙo wurin sau goma, ka murɗa zoben saitin gilashin a hankali har gefen tsiron ko tsakuwar ya yi kaifi. Sa ta jira daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka, kada girgizar yatsanka ta shiga. In ta ɗauka, zuƙo ƙasan hoton da ƙolin dutsen ka duba tun kana wurin.

Wani lokaci furen da kake so yana taƙi ɗaya da gilashi, babu lambar da za ta haɗa shi da dutsen. Sai ka ɗauki hoto uku ko huɗu ba tare da ka motsa kyamarar ba: ɗaya a kan furen, ɗaya a tsakiyar gona, ɗaya a kan dutsen, ka haɗa su a Photoshop ko Helicon Focus. Wannan sai iska ta kwanta; idan ganye na kaɗawa, haɗin ba ya zama.

Kada kuma ka ɗora wa gilashi laifin hazo. A watan Janairu ƙurar hunturu kan shafe dutsen komai kyan saitinka, da tsakar rana kuma zafin da ke tashi daga ƙasa yakan sa abin nesa rawa. Jira safiyar da aka kwana ana ruwa a watan Agusta, ka isa bakin gonar kafin rana ta ɗaga.