Tsoron Abin da Ido Ba Ya Gani: Al'amarin Fukushima

Ranar Juma'a, 11 ga watan Maris na shekarar 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin tekun da ke arewa maso gabashin Japan, girgizar da ta kai maki 9 a ma'auni, irin wadda ba a taɓa aunawa a ƙasar ba. Ba a cika awa guda ba sai teku ya yunƙuro, igiyar ruwan da ake kira tsunami ta haura gaɓa ta share garuruwa da gonaki da jiragen kamun kifi. Mutanen da aka tabbatar sun mutu sun kusa 16,000, waɗanda suka ɓace har yau ba a ga gawarsu ba kuwa sun kai kimanin 2,500. To, amma in ka tambayi mutumin da ke nesa abin da ya tuna game da wannan rana, da wuya ya ambaci waɗannan bayin Allah da ruwa ya ci. Abin da zai faɗa maka shi ne Fukushima, wato tashar lantarki ta nukiliya da ruwan ya shiga. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tambaya: me ya sa abin da ya kashe dubbai ya dushe a zukata, abin da bai kashe kowa nan take ba kuma ya firgita duniya?

Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya san abin da ya auku a tashar, don ba a hukunta tsoro sai an san abin tsoron. Tashar Fukushima Daiichi, wadda kamfanin TEPCO ke gudanarwa, tana da tukwanen nukiliya shida, uku daga ciki suna aiki a ranar. Da girgizar ta zo, ukun nan suka kashe kansu kamar yadda aka tsara. Sai dai tukunyar nukiliya ba kamar murhu ba ce da za a zare itace a watsa ruwa a tafi. Ko an kashe ta, makamashin da ke ciki yana ci gaba da fitar da zafi kwana da kwanaki, dole famfuna su yi ta zagaya ruwa suna sanyaya shi. Girgizar ta katse wutar da ke shigowa daga waje, aka koma kan janaretoci, su kuwa yawancinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa aka ajiye su. Igiyar da ta zo ta kai tsayin mita 14 zuwa 15, alhali an shirya tashar ne don igiyar da ba ta kai mita 6 ba. Ruwa ya cika ɗakunan, janaretoci suka mutu, famfuna suka tsaya, makamashin tukwane uku ya narke. Iskar haidirojin ta taru ta fasa gine-gine a ranakun 12 da 14 da 15 ga wata, burɓushin nukiliya ya bi iska ya sauka a kan gonaki da dazuzzuka da teku. Ran 12 ga Afrilu aka ɗora hatsarin a mataki na 7, matakin ƙoli, wanda kafin nan hatsarin tashar Chernobyl na 1986 ne kaɗai ya taka shi.

Dubi yadda jama'a suka karɓi labarin, a fara daga nesa. A ƙasar Sin, cikin mako guda, jita-jita ta bazu cewa gishiri mai sinadarin aidin yana kare mutum daga tururin nukiliya, wasu kuma suka ce teku ya gurɓace, gishirin gobe guba ne. Mutane suka yi cincirindo a kantuna har gishiri ya ƙare a manyan birane. A yammacin Amurka, bayan faɗin teku na dubban kilomita, aka wawashe ƙwayoyin aidin daga shagunan magani. Akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikin maganar, kuma ita ce ta ba jita-jitar ƙafa: ƙwayar aidin, in an sha ta a kan lokaci, tana cika wannan halitta ta maƙogwaro da kan kumbura ta zama maƙoƙo, sai aidin mai guba da ke cikin burɓushin nukiliya ya rasa wurin zama. Amma aidin da ke cikin gishirin miya ƙanƙane ne ƙwarai, kafin mutum ya ci wanda zai kare shi gishirin ya riga ya illata shi. Kada mu yi wa Sinawa dariya. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, dare ɗaya saƙon waya ya zagaye Nijeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suka tashi da asuba suna dafa ruwa, wasu suka kwanta asibiti, har aka yi asarar rai. Ɗan Adam in ya tsorata yana son ya ga hannunsa ya yi wani abu, ko da abin ba shi da amfani.

Na nesa dai kuɗinsu suka yi asara. Na kusa kuwa rayuka ne. Gwamnati ta fara cewa a tashi daga kilomita 3 na kewayen tashar, ta ƙara zuwa 10, ta ƙara zuwa 20, duk cikin kwana biyu, har waɗanda suka bar gidajensu suka haura 150,000. An kwashe tsofaffi da marasa lafiya daga asibitoci da gidajen kula da gajiyayyu, aka zuba su a motocin bas cikin sanyin ƙarshen hunturu, ba likita, ba magani, wani lokaci ba ruwan sha, aka yi ta yawo da su sa'o'i ana neman inda za a sauke su. Gommai suka mutu a hanya ko a kwanakin da suka biyo baya. Da shekaru suka tafi, hukumomin Japan sun ƙidaya fiye da mutum 2,000 a lardin Fukushima da suka mutu saboda wahalar ƙaura, da katsewar jinya, da baƙin ciki, da kashe kai, adadin da ya zarce waɗanda girgizar da igiyar suka kashe kai tsaye a wannan lardin. Shi kuwa tururin, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin illarsa ya bincika a 2013, ya sake a 2021, bai samu wata cuta a jikin mazauna yankin da za a iya ɗora wa tururin kai tsaye ba. A 2018 gwamnati ta biya diyyar wani ma'aikacin tashar da ciwon dajin huhu ya kashe. Wato dai, a wurare da dama, an yi gudun gara an tad da zago.

Nan ne mai gaggawar hukunci zai ce ai jahilci ne, jama'a ba su san kimiyya ba shi ya sa suka ruɗe. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Japanawa suna cikin mutanen da suka fi kowa karatu a duniya, kuma a ranar igiyar an ga yadda suka yi layi cikin natsuwa suna jiran abinci, ba wawaso, ba turereniya. Abin da ya bambanta shi ne, igiya ana ganin ta, mutum ya san inda ta tsaya. Tururin nukiliya ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya ƙaiƙayi. Wanda ke cikinsa da wanda ya tsira daga gare shi ji ɗaya suke yi a jikinsu. Saboda haka talaka ba shi da abin dogara sai bakin wanda ke riƙe da na'urar awo. In wannan baki ya yi gaskiya, tsoro ya tsaya daidai gwargwadon haɗari. In ya yi nuƙu-nuƙu, tsoro ya rasa iyaka, domin wanda bai san inda rami yake ba a cikin duhu, duk taku rami ne a gare shi. Wannan shi ne abin da ya faru a Fukushima, kuma shaidunsa a rubuce suke.

Gwamnati tana da wata na'ura mai suna SPEEDI, wadda aikinta shi ne hasashen inda iska za ta kai burɓushin. Ba a fitar da sakamakonta ga jama'a ba sai 23 ga Maris. Kafin nan dubban mutanen garin Namie sun gudu zuwa arewa maso yamma, suna zaton sun yi nesa da haɗari, ashe can iskar ta nufa. Ƙauyen Iitate, mai nisan kimanin kilomita 40, yana wajen da'irar da aka zana a taswira, sai aka bar mutanensa fiye da wata guda kafin a ce su tashi, alhali burɓushin da ya sauka musu ya fi na wasu garuruwan da ke cikin da'irar. Kakakin gwamnati, Yukio Edano, ya yi ta maimaita cewa babu illa ga lafiya nan take, jama'a kuwa suka riƙe kalmar "nan take" suna juya ta, suna tambayar to gobe fa? Kamfanin bai amince a fili cewa makamashin ya narke ba sai a watan Mayu, kuma a 2016 ya yarda cewa shugabansa na wancan lokacin ya hana ma'aikata furta kalmar narkewa. Sannan ta fito cewa tun 2008 lissafin cikin gida na kamfanin ya nuna igiya mai tsayin mita 15.7 tana iya zuwa, ba a ɗaga katanga ba. Kwamitin binciken da majalisar dokokin Japan ta kafa ƙarƙashin Kiyoshi Kurokawa ya yanke a 2012 cewa wannan bala'i aikin ɗan Adam ne. Hujjar wannan magana ba ta da wuyar gani: tashar Onagawa ta fi kusa da cibiyar girgizar, amma da yake an gina ta a kan tudu ta tsira, har mutanen gari suka fake a cikinta.

Mai kare hukuma zai ce, a kwanakin farko su ma ba su sani ba, na'urorin awo sun mutu, ma'aikata suna karanta ma'auni da tocila da baturan mota, kuma in aka saki hasashen da ba a tabbatar ba sai a haddasa gudun da ya fi wanda aka gani muni. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, kuma ma'aikatan da suka tsaya a tashar sun cancanci yabo. Rabi na biyu shi ne kuskuren. Wanda bai sani ba yana iya cewa ga abin da muka sani, ga abin da muke zato, ga inda iska ta dosa yau, gobe da safe za mu ƙara muku bayani. Babba mai hankali yana iya ɗaukar labari maras daɗi. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne ya gane daga baya cewa an san abu an ɓoye masa. Daga ranar nan ko gaskiya aka faɗa ba zai yarda ba. An ga misalin hanya ta gari a Tokyo ran 23 ga Maris, da aka sanar cewa aidin mai guba a ruwan famfo ya wuce iyakar jarirai amma bai kai ta manya ba, aka raba ruwan gora ga gidajen masu goyo. An yi rububin ruwa, gaskiya ne, amma ba a watse daga birnin ba, kuma da awo ya sauka hankali ya kwanta. Irin wannan aidin rabinsa yake ƙarewa duk kwana 8.

Wani kuma zai zo ta ɗaya gefen ya ce, wannan bayani ai wanke nukiliya ne, ana so a ce ba komai. Ba haka ba ne. Sinadarin siziyom da ya sauka a ƙasa sai ya shekara 30 kafin rabinsa ya ƙare, akwai unguwannin da har yau ba a koma ba, kuma aikin kwance tashar zai ci shekaru gommai. Kwashe mutanen da ke dab da tashar wajibi ne. Abin da ake cewa shi ne, gudu ma yana da farashi, kuma tsohuwar da ke kan gadon asibiti a gini mai kauri sau da yawa zamanta kwana biyu ko uku har a shirya mata mota da likita ya fi mata aminci. Kuma al'ummar da aka jefa wa bam a Hiroshima da Nagasaki a 1945 ba za a zarge ta don ta razana ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Abin da ya fi daɗewa bayan tsoron shi ne ƙyama. An samu yaran da suka yi ƙaura zuwa wasu birane ana tsangwamarsu a makaranta kamar masu cuta mai yaɗuwa, alhali tururi ba ya tsallakawa daga jiki zuwa jiki. Manoman Fukushima, masu shinkafa da 'ya'yan itace, suka ga kayansu sun yi kwantai. Daga 2012 lardin ya shiga auna kowane buhun shinkafa ɗaya bayan ɗaya, kimanin buhu miliyan 10 a shekara, kuma tun daga girbin 2015 ba a ƙara samun wanda ya wuce iyaka ba, amma farashi ya daɗe bai farfaɗo ba. A wasu garuruwan iyaye mata suka tara kuɗi suka sayi na'ura suna auna abincin 'ya'yansu da hannunsu. Sau da yawa sakamakonsu ya yi daidai da na gwamnati, sai dai nasu suka yarda da shi.

Girgizar ta kai har majalisun ƙasashe. Jamus, wadda ba ta san tsunami ba, ta rufe tukwane 8 a shekarar, ta kashe ukun ƙarshe a Afrilun 2023. A Italiya fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ƙuri'ar raba gardama suka ƙi nukiliya a watan Yuni na 2011. Japan kanta, wadda a da take samun fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na lantarkinta daga nukiliya, ta wayi gari a watan Mayun 2012 babu tukunya ko ɗaya da ke aiki, ta koma sayen gas da kwal. Farashin yuraniyom, makamashin tukwanen nukiliya, ya faɗi, kuma a 2014 aka jingine aikin babbar mahaƙar Imouraren da ke arewacin Nijar, wadda mutanen jihar Agadas suka sa wa rai. Da aka fara sakin ruwan tashar da aka tace zuwa teku ran 24 ga Agustan 2023, bayan hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta duba tsarin ta ce ya dace da ƙa'ida, Sin ta hana shigo da kifin Japan, kuma a kantunan Sin da na Koriya ta Kudu, shekara 12 bayan na farko, aka sake yin layin sayen gishiri.