Yadda hoton telebijin ke zuwa Kanan Bakashe

Telebijin ta shigo Nijar a 1964, don karatun ƴan lakkol. Yau gidan telebijin na ƙasa, a Yamai, tasha biyu gare shi: Tele Sahel da Tal TV.

Daga Yamai ake aika hoto da murya zuwa tauraron ɗan'adam, shi kuma ya maido su ƙasa. Kwanon parabol ya tara su, waya ta kai ma dekoda. Dekoda ke rarrabe tashoshi, kamar mai tsince gero daga dawa.

In iska ta juya kwanon ko kaɗan, hoto ya ɓace ke nan, alhali telebijin lahiyarta lau. Kahin a ɓata kuɗin kabu-kabu zuwa Mayahi wajen mai gyara, a duba kwano tukuna.