Yadda ake biyan kuɗin gadar Bediye a Abijan

Duk wanda ya tashi a Ibohaman ya san piyaji tun kafin ya iya tuƙi. Ka hau motar kasuwa ka nufi Tawa, ko ka gangara Madawa ka kama babbar hanya zuwa Ƙonni, za ka tarar da ɗan ɗaki a bakin kwalta, da igiya ko sandar ƙarfe a gicciye, da mutum riƙe da littafin tike. Direba ya tsaya, a yi sallama, a tambayi gida da gajiya, ya faɗi inda za shi, a yago masa takarda. Takardar nan ba a yar da ita, domin a gaba za a ce a nuna. Kuɗin na gyaran hanya ne, yana shiga hannun hukumar da tsofaffin direbobi ke kira CAFER har yau, ko da yake sunanta ya koma FER. Da wannan ilimi na tafi cin rani Kodebuwa, ina ganin babu abin da wani piyaji zai koya mini.

Mu Adarawa Abijan kamar bayan gida take gare mu. Tun zamanin kakanni, da an gama girbi sai maza su ɗaure kaya. Shi ya sa lokacin da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ya kankama daga 1984, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu a tsaunukanmu, mazan suna can bakin teku. Wasu na kasuwar albasa, wasu na tukuba, wasu na tebur ɗin shayi, wasu na sayar da acheke da soyayyen kifi, abincin da mutanen garin suka raɗa wa suna garba saboda mutanenmu. Ni kuwa mota na samu. Kawuna yana da shago a Markori, yawancin masu sayen kayansa kuma suna Kokodi da Ribiyera, a tsallaken tafkin Ebiriye. Aikina kai kaya, sau biyu ko uku a yini, kuma hanyata guda ce: gada ta uku.

Sunanta na takarda gadar Henri Konan Bédié, masu boko na cewa HKB, mu muna cewa gadar Bediye. Tun yana shugaban ƙasa aka ƙulla maganarta, sai juyin mulkin Disamba 1999 ya kwantar da aikin shekara da shekaru. An koma kansa a 2011, kamfanin Bouygues na Faransa ya gina, Alassane Ouattara ya buɗe ta ranar 16 ga Disamba 2014. Tsawonta a kan ruwa kilomita 1.5, hannu uku zuwa, hannu uku dawowa, ta haɗa titin Giscard d'Estaing na Markori da titin Mitterrand na arewa. Tsofaffin gadoji biyu, ta Houphouët-Boigny ta 1957 da ta De Gaulle ta 1967, kyauta ake bin su, amma da safe sai mutum ya tsufa a kansu. Wannan kuwa ta kuɗi ce, kamfanin SOCOPRIM ke karɓa a ƙarƙashin yarjejeniyar shekara 30.

Farashin da na sani shi ne sefa 500 ga ƙaramar mota, wato dala 100 a lissafinmu, 1,500 ga matsakaita, 3,000 ga manyan motoci. Kowane tsallakawa da kuɗinsa, zuwa daban, dawowa daban. Mai zuwa aiki kwana 26 a wata da ƙaramar mota, jika 26 ke nan ya ajiye wa gada. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, na san gidajen da wannan zai riƙe su wata guda a ƙauyenmu. Amma wanda ya taɓa ƙona mai awa biyu a cunkoson De Gaulle ba ya yawan gardama.

Baƙo nasa mai sauƙi ne. Idan ka sauka filin jirgi a Por-Buwe, ko bas ta sauke ka, ka tari tasi za ka Kokodi, ka yi maganar gada tun ƙafarka tana ƙasa. Al'adar garin ita ce fasinja ke biya, a kan kuɗin tasi. Wanda bai yi ciniki da wuri ba, a bakin sanda zai ji direba ya miƙo hannu baya, sai a fara cacar baki da faransancin da bai ishe ka ba. In kai ke tuƙi kuma ba ka da baj, wato abin biya ba tare da tsabar kuɗi ba, ka bi layin tsabar kuɗi, ka riƙe dala 100 cif a hannu. Canji a Abijan abu ne mai tsada, kada ka miƙa takardar jika goma mutane hamsin na bayanka.

Mai bin gada kullum kuwa baj yake yi. Wani ɗan akwati ne na roba, bai kai kwalin ashana biyu ba. Za ka je ofishinsu da katin shaidarka da takardar mota, wadda muke kira kartigiris, a buɗe maka asusu, ka zuba kuɗi, a ba ka. Daga baya in ya kusa ƙarewa ka ƙara, yanzu har ta waya ana yi. Wannan duk yaro ma zai iya. Sai dai ka tuna an rubuta shi ne da ajin motarka, kada ka cire na ƙaramar mota ka sa wa mai ɗaukar kaya don ganin banza.

Wurin manna shi yana da ƙa'ida. Cikin gilashin gaba, can sama, bayan madubi. Ka goge wurin da tsumma busasshe, ka danna shi da babban yatsa ka ɗan riƙe. Dalili shi ne a saman layin akwai na'ura mai aiko da sigina ƙasa, ita ke tambayar baj ɗin lambarsa, shi kuma ya amsa, kwamfuta ta duba asusunka ta cire kuɗin, sanda ta ɗaga. Duk wannan kafin ka ƙifta ido sau biyu. In baj ɗin yana aljihu, ko cikin akwatin gaban fasinja tare da carbi da goro, tambayar ba ta isa gare shi. Wasu gilasan masu hana zafi ma suna tare siginar, sai dai an bar wani wuri mai ɗigo-ɗigon baƙi kusa da madubi, nan ake sa shi. Na sha ganin manyan mutane cikin manyan motoci sun zuge gilashi sun fito da hannu suna kaɗa baj sama kamar mai kiran kaji. Wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi, kuma ko ya yi, girma ya riga ya faɗi.

To, yanzu ga inda aikin yake. Wurin biyan yana gefen Ribiyera, hanya ta buɗe ta yi faɗi kamar filin idi, layuka reras. Tun daga nesa za ka ɗaga kai ka karanta alamun da ke sama: kibiya kore layi a buɗe yake, jan kuros a rufe, sannan ga alamar layin masu baj daban. A nan ake zaɓe, ba a gindin sanda ba. Da ka shiga tsakanin kankaren nan biyu, babu juyawa, babu ja da baya. Ka sauko giya ta biyu, ka ɗora ƙafa a kan birki ba tare da ka taka ba, ka bar motar tana tafiya kamar jakin da ya ɗauko ruwa daga dam. Gaggawa ba ta ƙara maka komai, domin sanda ba ta ɗagawa sai na'ura ta gama lissafinta.

Abin da ya fi gudu muhimmanci shi ne tazara. Ka bar tsawon mota guda cur tsakaninka da na gabanka, kuma kada ka shiga ƙarƙashin na'urar sai ka ga ya wuce, sandar ta fara saukowa a bayansa. Mu da muka koyi tuƙi a tasha, wannan ya saɓa wa jininmu. A tashar Ajame in ka bar taki ɗaya, ƙaramar bas ɗin haya da ake kira gbaka ta soko kai, in ka bar biyu, tasin haɗaka da ake kira woro-woro ta biyo ta. An koya mana mu manne wa na gaba kamar kaska. A bakin sandar baj kuwa mannewa hasara ce, domin na'urar ba ta san fuska ba, ba ta san wace mota ce ta fara zuwa ba. Baj ɗin da ya fara amsa mata, shi take caja.

Haka ta faru da ni a watana na farko. Wata ranar Litinin da safe, na ɗauko katan-katan, ga wata farar mota a gabana ta tsaya cik a gindin sanda. Ko kuɗinsa ne ya ƙare, ko baƙo ne ya ɓata layi, Allah masani. Ni kuma da halin tasha sai na matsa, na matsa, har na kusa sumbatar bayansa. Sai na ji tit a saman kaina. Sanda ta ɗaga, mutumin ya taka mai ya tafi ko waiwaye babu, sanda ta dawo ta kwanta a gabana. Na biya masa. Mafi muni, dala 100 ɗin nan ita ce ta ƙarshe a asusun, domin na yi niyyar zuba kuɗi da yamma.

Wanda bai taɓa tsayawa a layin baj da asusu wayam ba bai san kunya ba. Masu bin layin nan mutane ne da suka biya kuɗi don kada su jira, saboda haka ba su da haƙurin minti ɗaya. Oda ta ko'ina, wani ya leƙo yana magana da hannu, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Abin da ya kamata a yi a nan, na koya a ranar: kada ka gwada ja da baya, kada ka fito daga mota, kada kuma shaiɗan ya raya maka ka bi bayan wani ka kutsa kafin sanda ta sauko, domin akwai kamara, kuma sandar tana iya sauka a kan gilashinka. Ka kunna wutar haɗari, ka ɗaga hannu, ma'aikaci zai zo. Ya zo, na yi masa bayani, na lalubo kuɗi a aljihu na biya, aka buɗe mini.

Da dare na gaya wa kawu, ina jiran faɗa. Ya daɗe yana dariya, sannan ya ce, «Ɗan nan, sadaka ka yi da sassafe, Allah ya karɓa. Sai dai gobe in za ka yi, ka yi da kuɗinka.» Na ce, «Kawu, ai na'urar ce ba ta da ido.» Ya ce, «Ita ba ta da ido, kai fa?» Tun daga ranar nake duba asusun kowace Lahadi bayan isha'i, kuma kunnena na kan ƙarar baj ɗin. Tit ɗin nan shi ne rasit ɗinka. In ka ji shi alhali motar gabanka ba ta wuce ba, ka san ka yi kyauta.

Ba zan ɓoye ba, bayan hannuna ya faɗa na riƙa jin daɗin abin. Akwai wani gwaninta a ciki da sai direba zai gane: ka auna tazara tun daga nesa, ka rage gudu daidai, ka iso sanda tana ɗagawa kamar ta san da zuwanka, ka wuce ba ka taka birki ba ko sau ɗaya, katan ko guda bai motsa a baya ba. Ranar da na ɗauko wani dattijo ɗan garinmu da ya zo asibiti, ya ga sanda ta tashi da kanta, sai ya kama salati. Ya ce, «Yaro, kai wane ne a garin nan?» Na ce, «Baba, ba kowa ba ne, kuɗi na ajiye musu tun jiya.» Bai yarda ba sai da na nuna masa ɗan akwatin bayan madubi, ya shafa shi, ya ce wannan ai laya ce.

Irin tsarin ba Abijan kaɗai ba ne. 'Yan'uwanmu da ke Legas sun san shi a gadar Lekki zuwa Ikoyi da aka buɗe a 2013, kafin a dakatar da karɓar kuɗi bayan zanga-zangar Oktoba 2020. A Kodebuwa kanta, mai zuwa daga gida ta Wagadugu da Buwake zai ci karo da piyajin Singurobo da na Atinge a babbar hanyar arewa kafin ya shiga gari. Abijan kuma ta ƙara gadoji tun bayan buɗe gadar Bediye, har da ta Alassane Ouattara da aka buɗe a Agusta 2023 tsakanin Kokodi da Filato, don haka yanzu mai lissafi yana da zaɓi fiye da yadda muke da shi a da.

Abu ɗaya ne ban taɓa sabawa da shi ba. Shekara da shekaru ina ratsa wurin nan, ban san sunan kowa ba, ba wanda ya san nawa. A hanyar Tawa kuwa mai tike ya san motar kowa, ya san wanda aka yi wa haihuwa, in damina ta yi kyau a kwarin Keita daga bakinsa za ka fara ji. Yana ɓata lokaci, gaskiya ne, kuma takarda da tsabar kuɗi suna da ƙofofin zurarewa da na'ura ba ta da su. In aka tambaye ni wanne ya fi wa hanya amfani, zan ce baj. Amma duk sanda na dawo gida da damina na hango igiyar nan, tun daga nesa nake zuge gilashi, sallama na bakina.

Kai ƙanena da ke shirin tahowa bana, in aka ba ka mota a Abijan, ka manna baj ɗin a wurinsa, ka bar wa na gabanka fili, kuma ka ɓoye dala 100 a cikin kartigiris inda ba za ka kashe ta a shayi ba.